Malam Aminu Kano a Fagen Koyarwa

An haifi Malam Aminu Kano a birnin Kano a shekarar 1920. Kafin ya shahara a siyasa, malamin makaranta ne. Bayan ya kammala karatu a Kwalejin Kaduna a 1942, sai aka tura shi Makarantar Midil ta Bauchi.

A nan ne salon koyarwarsa ya bayyana. A zamanin da ɗalibi ba shi da ta cewa a gaban malaminsa, shi kuwa yakan tara ɗalibai bayan an tashi daga aji, ya saurari ra'ayoyinsu, ya kuma ilmantar da su ta hanyar wasan kwaikwayo. Da suka yi bore saboda ƙarancin abinci da tufafi, bai guje su ba. Wannan kusanci ya jawo masa baƙin jini wurin mahukunta.

A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilimi kan aikin koyarwa. Da ya dawo, ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa, sannan ya shugabanci makarantar horar da malamai ta Maru, har ya ajiye aiki a 1950. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983.