Santa Anna, janar ɗin da ya sayar da yankin ƙasarsa

Masu karatu, yau mun leƙa Meksiko, maƙwabciyar Amurka ta kudu, don mu kawo muku tarihin Antonio Lopez de Santa Anna. An haife shi a 1794. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Sipaniya mai mulkin mallakar ƙasar. Da ya ga iska ta juya a 1821, sai ya koma bayan masu neman 'yancin kai. A 1833 ya zama shugaban ƙasa, daga nan ya yi ta hawa yana sauka.

Lokacin nan Tekzas yankin Meksiko ne, amma baƙi daga Amurka sun cika shi har suka yi tawaye. A 1836 ya murƙushe su a sansanin Alamo. Wata guda da 'yan kwanaki suka shammace shi, cikin minti 18 suka watsa rundunarsa, washegari aka kama shi.

Amurka ta haɗe Tekzas a 1845, yaƙi ya ɓarke a 1846. Gogan naku yana gudun hijira a Kuba. Ya aika wa Amurkawa cewa in suka bar shi ya koma gida, zai sasanta da su a kan farashi. Suka buɗe masa hanya, yana isa ya ja soja ya tare su. Mu dai a ganinmu, ko tsohon dillali sai ya sara masa. Sai dai wayon bai hana shi shan kashi ba. A 1847 ya gudu daga fagen fama har ya bar ƙafar da aka ƙera masa (ta ainihin, igwar Faransawa ta ci ta tun 1838). Babban birni ya faɗi. A yarjejeniyar 1848 Meksiko ta rasa wajen rabin ƙasarta, har da Kaliforniya, aka ba ta dalar Amurka miliyan 15.

Ba shi ya sa hannu a wannan takarda ba. Amma da ya dawo mulki a 1853, da kansa ya sayar wa Amurka wani yankin a kan miliyan 10. Jama'a suka fusata, aka kore shi a 1855.

Yana zaman hijira a Niyok ya kai wani ƙaron itace, da fatan a yi roba da shi. Roba ba ta yiwu ba, sai wani Thomas Adams ya mai da shi cingam, kakan wanda ke kan teburanku. Ya koma gida a 1874, ya rasu a 1876 yana da shekara 82, talaka, idanunsa sun kusa mutuwa.