Emilio Segre: baƙon da ya fara gano sinadarin da hannun mutum ya haɗa

Kwanakin baya na raka kawuna wani asibitin koyarwa a nan Kudu, saboda ciwon ƙashi da ya hana shi zaman shago. Kafin a ɗauki hoton jikinsa sai da aka yi masa allura, aka ce ya jira 'yan awoyi. Ni kuma da shegen tambaya, na nemi sanin abin da ke cikin allurar. Ma'aikaciyar ta ce sunansa teknetiyom, kuma ba haƙo shi ake yi ba, haɗa shi ake yi. Da na bi diddigi, sai na tarar wanda ya fara gano shi ma ɗan zaman baƙunta ne irinmu.

Sunansa Emilio Segre, Bayahuden Italiya, an haife shi a 1905 a garin Tiboli kusa da Roma. Ya yi karatu a hannun shahararren masanin nan Enrico Fermi, ya zama farfesa a jami'ar Palermo a 1936.

A zamanin akwai wani gurbi a jadawalin sinadarai da ya gagari kowa. Ana jera sinadarai ne bisa yawan furoton da ke cikin ƙwayar zarrarsu. An san na 42, wato molibdenom, an san na 44, amma na 43 shiru. Tun ƙarni na 19 Mendeleev ya bar masa gurbi, masana suka yi ta tonon duwatsu a banza.

A 1937 Ernest Lawrence na jami'ar Berkeley a Amurka ya aiko wa Segre wani ɗan fallen molibdenom da aka cire daga injinsa mai harba ƙwayoyin zarra. Segre da abokin aikinsa Carlo Perrier suka tace shi, sai ga lamba 43 a ciki. Harbin da ƙarfen ya sha ne ya ƙara wa wasu ƙwayoyinsa furoton ɗaya. Ka ga ke nan ba daga babu suka samar da shi ba, wanda ke akwai suka juya. A 1947 suka raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin aikin hannu.

To me ya sa aka rasa shi a ƙasa? Ba ya daɗewa ne. Nau'insa mafi tsawon rai ma rabinsa na rikiɗewa cikin shekara miliyan 4 da ɗoriya, duniya kuwa ta kai shekara biliyan 4 da rabi. Wanda aka fara da shi ya ƙare tuntuni.

Ana cikin haka, a 1938 Segre ya je Berkeley ziyarar aiki, sai gwamnatin Mussolini ta kafa dokar korar Yahudawa daga jami'o'i. Ya wayi gari ba kujera, ba hanyar komawa. Lawrence ya ɗauke shi aiki a kan dala 300 a wata, amma da ya gane mutumin ba shi da wurin zuwa, sai ya mayar da albashin dala 116. Duk wanda ya taɓa neman hayar ɗaki ko rumfar kasuwa a garin da ba nasu ba ya san wannan lissafin.

Segre ya haɗiye, ya ci gaba da aiki. A shekarar ne shi da Glenn Seaborg suka gano nau'in teknetiyom mai raguwa da rabi duk awa 6, wanda shi ne aka yi wa kawuna. A 1940 ya haɗu da wasu mutum biyu suka samar da sinadari na 85, astatin. Sannan ya yi aiki a Los Alamos, inda aka ƙera bam ɗin nukiliya, kuma wannan ma yana cikin tarihinsa. Yana can 'yan Nazi suka kama mahaifiyarsa a Roma a 1943, ba ta dawo ba. Ya samu kyautar Nobel a 1959 tare da Owen Chamberlain, ya mutu a Kaliforniya a 1989.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. A 1952 aka hango alamar teknetiyom a hasken wasu taurari, bayan kamar shekara goma kuma aka tsinci ɓurɓushinsa a dutsen yuraniyom na Kwango. Ashe sinadarin da aka yi wa laƙabi da aikin hannu yana nan a ƙasa tun fil azal, ƙanƙantarsa ce ta ɓoye shi. Yau sinadarai 118 aka sani: 94 ana samunsu a ƙasa ko da ɗan mitsitsi ne, har da teknetiyom, 24 kuwa sai a ɗakin bincike.

Mu da aka haifi kakanninmu a Sabo ko Agege amma har yau takarda ke kiranmu baƙi, ina ganin ba sai na fassara mana wannan ba. Kawu dai ya koma shagonsa.