George Stephenson, uban jirgin ƙasa

An haifi George Stephenson a Ingila a 1781. Ubansa talaka ne, mai hura wutar inji a mahaƙar gawayi. Sai da ya shekara 18 ya koyi karatu, a makarantar dare.

A 1829, shi da ɗansa Robert suka ƙera kan jirgi mai suna Rocket. Suka zura bututu 25 cikin tukunyar ruwansa. Zafin wuta ya bi ta cikinsu, ruwa ya tafasa da sauri, tururi ya juya ƙafafun jirgin. Ya yi gudun wajen kilomita 47 a awa.

Stephenson ya mutu a 1848. Tazarar da ya bari tsakanin ƙarafan hanya, mita 1 da milimita 435, ita aka zaɓa ma hanyar jirgi ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka soma ginawa a 2021.