Sam Rayburn, ɗan manomin auduga da ya kai wuta ƙauyukan Amurka

A shafin tarihi na wannan mako mun ɗauko muku labarin wani depite na Amurka, Sam Rayburn, wanda ya yi shekara 48 a majalisar wakilan ƙasar, daga 1913 har rasuwarsa a 1961.

An haife shi ranar 6 ga Janairu 1882 a jihar Tenesi. Yana ɗan shekara biyar iyayensa suka ƙaura zuwa jihar Teksas, suka kama noman auduga. Su goma sha ɗaya ne wajen ubansu, ga talauci. Da ya tafi makarantar horon malamai, shara yake yi da buga ƙararrawa don ya samu na biyan karatu. Ya ɗan taɓa koyarwa, sannan a 1906 aka zaɓe shi a majalisar jihar Teksas, a 1912 kuma a ta ƙasa da ke Washinton.

To, mene ne ya tsinana wa talakawan da suka aike shi? A wajejen 1935, cikin gidajen gona goma a Amurka, kusan ɗaya kaɗai ke da kuran. Kamfanoni suna ganin jan waya zuwa ƙauye ba riba. Rayburn ya san duhun nan tun yana yaro, kamar yadda mu ma muka san dare da fitila. A 1936 shi da Sanata George Norris suka tsaya har aka yi dokar kai lantarki karkara. Gwamnati ta riƙa ba ƙungiyoyin manoma bashi mai sauƙi, su kafa turaku, su ja waya da kansu. Kafin shekara ashirin, kusan gida tara cikin goma sun samu wuta.

Abu na biyu da ake tuna shi da shi, tsabtar hannu. Tun yana majalisar jiha, ofishin lauyoyin da yake aiki a ciki yana karɓar kuɗi daga kamfanin jirgin ƙasa. Rayburn ya ƙi karɓar rabonsa, don kada gobe a zo masa da doka kan kamfanin ya kasa ɗaga kai. Ya shugabanci majalisar wakilai shekara 17, ba wanda ya kai shi daɗewa a kujerar, amma da ya rasu bai bar wata dukiyar a zo a gani ba.

Sai dai ba mu ce ba shi da tabo ba. Shekaru da dama ya bi sahun ƴan siyasar Kudu da suka kau da kai daga zaluncin da ake yi wa baƙaƙen fata. Daga baya ne, a 1956, ya ƙi sa hannu a takardar da wakilan Kudu suka fitar don kare wariyar launin fata a makarantu, kuma a 1957 ya taimaka aka zartar da dokar kare haƙƙin baƙaƙe na jefa ƙuri'a.

Ciwon daji ya yi ajalinsa ranar 16 ga Nuwamba 1961 a garinsu Bonham, yana da shekara 79, bai bar ɗa ba. Shugaba Kennedy da mataimakinsa Johnson da tsofaffin shugabanni Truman da Eisenhower duk sun je ƙaramin garin nan jana'izarsa. Har yau ɗaya daga cikin gine-ginen ofisoshin wakilai a Washinton sunansa yake ɗauke da shi.