Donatello, maigidan da ya rataye kuɗinsa a kwando

A laburare na ci karo da labarin Donatello, masassaƙin birnin Fulorens na ƙasar Italiya, wanda aka haifa wajen 1386 ya mutu a 1466. An ce a shagonsa akwai kwando rataye da igiya, a ciki yake zuba kuɗin aikinsa, yaran shago da abokai kowa ya ɗibi abin da yake buƙata ba sai ya tambaya ba. Ni da na yi wata huɗu ina koyon aiki a wani shago ko kuɗin mota ban taɓa gani ba, sai da na maimaita layin.

Amma fa kar ku ɗauka sakarai ne. Wani attajiri daga Jenowa ya sa shi ya yi masa kan mutum na tagulla. Da aka gama sai ya ce kuɗin ya yi yawa. Aka kai maganar gidan Cosimo de' Medici, aka ajiye aikin a sama bakin katanga, attajirin ya shiga lissafin kwanaki, wai ai wata guda kacal aka yi ana aikin. Donatello ya sa hannu ya ture shi ƙasa ya tarwatse, ya nuna masa cewa cinikin wake ya iya. Mutumin ya ce zai ninka kuɗin a sake masa wani, ya ƙi.

Da ya tsufa, Piero ɗan Cosimo ya ba shi gona. Shekara ba ta zagayo ba ya mayar, saboda manomin da ke kula da ita ya ishe shi da ƙorafi.

To, gaskiyar waɗannan fa? Wanda ya fi yaɗa su shi ne Giorgio Vasari, a littafinsa na rayuwar masu fasaha da ya fara fitowa a 1550. An haife shi a 1511, shekara 45 bayan mutuwar Donatello, wato jiyau ne ba ganau ba, kuma an san shi da ƙara gishiri. Ba zan rantse cewa tagullar nan ta fashe a titi ba. Sai dai labaran duk hali ɗaya suke nunawa: kuɗi bai dame shi ba, raini ne ba ya ɗauka. Kuma mutanen gari ba sa jingina wa marowaci labarin kwando.

A cocin San Lorenzo aka binne shi, kusa da kabarin Cosimo.