AL-JAZARI, GWANIN ƘERA NA'URORI MASU MOTSI

Yau tarihinmu na wani maƙeri ne, Isma'ila ɗan Razzaz, wanda aka fi sani da Al-Jazari. Ya samu wannan laƙabi daga Jazira, ƙasar da ke tsakanin kogunan Dajla da Furatu. Shekara 25 ya yi yana yi wa sarakunan gidan Artuk aiki a birnin Amid, watau Diyarbakir ta Turkiyya a yau.

A zamaninsa ba lantarki, ba fetur. Ruwa da nauyi ke tafiyar da injunansa. Ya ƙera wani ɗawisu na wankin hannu. In mutum ya zare toshin da ke wutsiyarsa, sai ruwa ya zubo ta bakinsa. Ruwan wankin ya taru a ƙasa, ya ɗaga wani abu mai iyo, ƙofa ta buɗe, mutum-mutumi ya fito da sabulu. Da ruwan ya ƙaru, wani ya fito da tawul.

Sarki Nasiruddin Mahmud ya umarce shi ya rubuta sana'arsa. Ya kammala littafin a 1206, da na'urori 50, kowace da zanenta da bayanin yadda za a haɗa ta. A 1974 Donald Hill ya fassara shi da Turanci.

To, 'yan'uwa makanikai da maƙera, da Al-Jazari ya ɓoye abin da ya sani, da ya bi shi kabari. Allah ya jiƙansa, amin.