Alkawarizmi, malamin da ya nuna hanyar gano adadin da ya ɓace

Ƴan kasuwa maza da mata, yau mun kawo muku tarihin wani malami da kowa ke cin moriyar aikinsa, amma kaɗan suka san sunansa. Shi ne Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi. An haife shi wajajen shekarar 780, asalin gidansu yankin Kawarizmi, wajen ƙasar Uzbekistan ta yau. A Bagadaza ya yi aikinsa, zamanin halifa Ma'amun da ya yi mulki daga 813 zuwa 833.

Wajajen 820 ya rubuta littafinsa na aljabru da muƙabala. Buƙatun jama'a ya duba: rabon gado, wasiyya, ciniki, awon gona da haƙar hanyar ruwa. Gado da wasiyya ma su suka ci babban kaso na littafin, kuma duk wanda ya ga gida ya watse a kan rabo ya san dalili. Harshensa na kasuwa ne. Adadin da ake nema ya kira shi saiwa, in an ninka shi da kansa ya zama dukiya, wanda aka sani kuwa dirhami. Da kalmomi zalla ya yi bayaninsa.

Mu gwada hanyarsa. Kina da fili mai tsawo da faɗi ɗaya, aka ƙara miki mita 6 a gefe guda, duka ya kai murabba'in mita 40. Nawa ne tsawon filin farko? Raba 6 biyu, 3. Ninka 3 da kanta, 9. Haɗa da 40, 49. Adadin da ake ninkawa da kansa ya ba da 49 shi ne 7. Cire 3, saura 4. Mita 4 ke nan. In kuma tsawon aka sani, ƙarin ne ake gardama a kansa, sai a cire 16 daga 40, a raba 24 gida 4, 6 ta fito. Mai sayar da fili ba ya da ta cewa.

Ya kuma rubuta littafi kan alƙaluman Indiya har da sifiri, waɗanda muke rubuta kuɗi da su. Na Larabcin ya ɓace, fassarar Latin ce ta rage. A 1145 aka juya littafin aljabru zuwa Latin, Turawa suka ɗauki kalmar, ita ce darasin aljebar da ƴaƴanmu ke yi a lakkwal. Ya rasu wajajen shekarar 850.